Yaƙin Faransa a Mali da Nijar, 2013 zuwa 2023, da Darasinsa ga Iyakar Gobir

An shirya wannan bayani domin hakimai da malamansu, musamman na ƙasashen Sabon Birni da Isa da sauran gundumomin da ke bakin iyaka. Makasudinsa shi ne a bayyana yadda yaƙin da sojan Faransa suka yi shekara goma sha ɗaya a Mali da Nijar ya gudana, da dalilin da ya sa suka ci fage da yawa amma ƙasa ba ta zauna lafiya ba, da kuma abin da ya kamata mai riƙon jama'a ya koya daga ciki. Mali tana da nisa daga Gobir, amma jihar Tawa ta Nijar ta haɗa iyaka da Mali ta yamma, ta kuma haɗa da Sakkwato ta kudu. Hausawa kuwa sun ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

1. Asalin Fitinar

A cikin 2011 aka tumɓuke Gaddafi, shugaban Libiya, aka kashe shi ran 20 ga Oktoba. Rumbunan makamansa suka zama ba mai tsaro. Buzaye da yawa da suka yi aikin soja a ƙarƙashinsa suka komo arewacin Mali da motoci da manyan bindigogi. A Janairu 2012 ƙungiyarsu mai suna MNLA ta ta da tawaye, tana neman a yanke mata ƙasa da ta kira Azawad. Wasu ƙungiyoyi masu da'awar jihadi suka mara mata baya, watau Ansaruddin ta Iyad Ag Ghali, da MUJAO, da reshen Alƙa'ida na ƙasashen Magrib.

Sojan Mali suka ga ana kashe su ba isassun kayan yaƙi, sai wasunsu suka kifar da Shugaba Amadou Toumani Touré ran 22 ga Maris 2012. Wannan ya ƙara dagula al'amari. Cikin kwana uku, daga 30 ga Maris zuwa 1 ga Afrilu, Kidal da Gao da Tumbuktu suka faɗa hannun 'yan tawaye. Ba a daɗe ba abokan tafiya suka juya wa juna baya. A ƙarshen Yuni masu da'awar jihadi suka kori MNLA daga Gao, suka zama su ke da arewacin ƙasar. Wannan shi ne darasi na fari: wanda ya gayyato mai bindiga ya taya shi faɗa, sau da yawa shi a kan fara kora.

2. Yaƙin Serval

Ran 10 ga Janairu 2013 mayaƙan nan suka ci garin Konna, kusa da Mopti, suka fuskanci kudu. Shugaban riƙo na Mali, Dioncounda Traoré, ya nemi gudummawa daga Faransa. Kashegari Shugaba François Hollande ya ba da izni, aka fara yaƙin da aka yi wa laƙabi da Serval, sunan wata kyanwar daji.

Faransa ta kawo soja wajen 4,000 da jiragen sama. Ƙasashen Afirka ta Yamma su ma suka haɗa runduna a ƙarƙashin wani hafsan Nijeriya, Manjo Janar Shehu Abdulƙadir, Cadi kuwa ta aiko da soja wajen 2,000. Abin ya yi sauri ƙwarai. An karɓe Gao ran 26 ga Janairu, aka karɓe Tumbuktu ran 28. Da Hollande ya sauka Tumbuktu ran 2 ga Fabrairu, jama'a suka tarye shi da kiɗa da guɗa.

Gwabzawa mafi tsanani a duwatsun Adrar na Ifogas aka yi ta, can kusa da iyakar Aljeriya, cikin Fabrairu da Maris. A kwarin Ametettai sojan Faransa da na Cadi suka bi mayaƙa kogo kogo a ƙasa, cikin zafi da ƙarancin ruwa. Arangamar ran 22 ga Fabrairu kaɗai ta ci ran sojan Cadi 26. A wannan yaƙi aka kashe Abu Zaid, ɗaya daga cikin manyan shugabannin Alƙa'ida a Sahara, aka kuma kwashe makamai masu yawa.

Amma mafi yawan mayaƙan ba su tsaya an murƙushe su ba. Suka aje tuta, suka sāje da jama'a, wasu suka tsallaka Libiya da Nijar. Ran 23 ga Mayu 2013 suka kai harin ƙunar baƙin wake barikin soja na Agadas da ma'adinan yuraniyom na Arlit rana ɗaya. Da haka aka gane wuta ba ta mutu ba, tartsatsi ta yi.

3. Yaƙin Barkhane

Ran 1 ga Yuli 2013 rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai suna MINUSMA, ta fara aiki a Mali. Ran 1 ga Agusta 2014 kuma Faransa ta rufe Serval, ta buɗe Barkhane, watau tudun rairayi mai siffar jinjirin wata. Hedkwatarta tana Injamena, fagenta kuwa ƙasashe biyar ne: Muritaniya, Mali, Burkina Faso, Nijar da Cadi. An fara da soja wajen 3,000. Suna da babban sansani a Gao, da jirage a Yamai, da wani sansani a Madama, can ƙarshen arewacin Nijar, domin tare hanyar Libiya.

Dabarar Barkhane ita ce a bi sawun shugabanni da jirage marasa matuƙi da na'urorin sauraren waya, in an gano su a far musu da jirgi ko da 'yan soja kaɗan masu horo na musamman. Dabarar abokan gaba kuwa ta bambanta. Sukan binne nakiya a hanyar motoci, su yi kwanton ɓauna, su taru bisa babura su afka wa ƙaramin sansani, kafin jirgi ya iso sun watse. A 2015 aka ƙulla yarjejeniyar sulhu ta Aljiyas tsakanin Gwamnatin Mali da 'yan tawayen Buzaye, amma masu da'awar jihadi ba sa ciki. A wannan shekara Adnan Abu Walid Assahrawi ya yi mubaya'a ga ƙungiyar Da'ish, a Maris 2017 kuma ƙungiyoyin da ke bin Alƙa'ida suka haɗe wuri ɗaya da sunan JNIM, a ƙarƙashin Iyad Ag Ghali.

Daga nan fitina ta bar hamada, ta gangaro ƙasar noma da kiwo, watau tsakiyar Mali da arewacin Burkina Faso da yammacin Nijar. A can ta tarar da tsofaffin rigingimu a kan burtali da mashaya da satar shanu, ta shige cikinsu. Kowace ƙabila ta kafa 'yan sa-kanta. Ran 23 ga Maris 2019 aka kashe Fulani wajen 160 a ƙauyen Ogossagou na tsakiyar Mali, aka zargi mafarautan Dogon. Kowane irin wannan kisa sai ya tura samari da yawa daji.

4. Fagen Iyakoki Uku

Inda Mali da Nijar da Burkina Faso suka haɗu nan yaƙi ya fi ƙamari. Ran 4 ga Oktoba 2017 aka yi wa wata tawagar sojan Nijar da na Amurka kwanton ɓauna kusa da Tongo Tongo, aka kashe Amurkawa 4 da wasu 'yan Nijar. Ƙarshen 2019 ya fi muni. Ran 1 ga Nuwamba aka ci sansanin Indelimane na Mali, aka kashe soja wajen 50. Ran 25 ga watan jirage biyu masu saukar ungulu na Faransa suka yi karo da dare suna bin mayaƙa, soja 13 suka mutu. Ran 10 ga Disamba aka afka wa sansanin Inates na Nijar, soja 71 suka rasu. Ran 9 ga Janairu 2020 aka maimaita a Shinagodar, soja 89 suka rasu.

Waɗannan sansanoni kamanninsu ɗaya. Kowanne yana bakin iyaka, nesa da gudummawa, abokan gaba kuwa sun san yawan mutanensa da lokutan aikinsa, su kuwa sojan ba su da labarin abin da ake ƙullawa a ƙauyukan da ke kewaye da su.

Ran 13 ga Janairu 2020 Shugaba Macron ya tara shugabannin ƙasashen nan biyar a garin Pau na Faransa. Aka ƙara sojan Barkhane suka kai 5,100. An kashe Abdulmalik Drukdel, shugaban Alƙa'ida na Magrib, ran 3 ga Yuni 2020, aka kashe Assahrawi a Agusta 2021. Duk da haka kisan talakawa ƙaruwa ya yi. Ran 2 ga Janairu 2021 aka kashe mutum wajen 100 a ƙauyukan Combangu da Zarumdare na jihar Tilaberi. Ran 21 ga Maris aka kashe 137 a yankin Tiliya, cikin jihar Tawa, maƙwabciyar Sakkwato.

Har wa yau, ran 3 ga Janairu 2021 jiragen Faransa suka yi wa wani taro ruwan wuta a Bunti, tsakiyar Mali. Faransa ta ce mayaƙa ne. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce taron biki ne, an kuma kashe farar hula 19. Wannan ya zubar da mutuncin Barkhane a idon mutane fiye da kowace asara ta fagen fama.

5. Ficewar Baƙi

Soja suka karɓi mulki a Mali a Agusta 2020, suka sake a Mayu 2021. Dangantaka da Faransa ta lalace, Mali ta jawo mayaƙan Wagner na Rasha. Sojan Faransa na ƙarshe suka bar Gao ran 15 ga Agusta 2022, aka rufe Barkhane ran 9 ga Nuwamba. A Fabrairu 2023 suka bar Burkina Faso. Ran 26 ga Yuli 2023 aka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, sababbin masu mulki suka ce Faransa ta kwashe nata, ta kuwa gama kwashewa ran 22 ga Disamba. MINUSMA ta rufe a ƙarshen wannan wata, bayan ta yi asarar ma'aikata fiye da 300. Amurka ta bar sansanin jiragenta na Agadas a Agusta 2024. Faransa ta rasa soja 58 a Serval da Barkhane. Asarar sojan ƙasashen yankin da ta talakawa kuwa dubbai ce.

Tafiyar baƙi ba ta kashe wutar ba. A Satumba 2024 JNIM ta kai hari cikin Bamako kanta.

6. Dalilan da Nasara Ba Ta Ɗore Ba

Na farko, soja kan iya ƙwace gari, amma riƙon ƙasa aikin mulki ne. A wurare da yawa an kori mayaƙa, alƙali bai komo ba, malamin makaranta bai komo ba, malamin asibiti bai komo ba. Da soja sun wuce sai mayaƙa su dawo, su karɓi zakka, su yanke shari'a.

Na biyu, kashe shugaba ba ya ƙarar da ƙungiya muddin abin da ke kawo mata mabiya yana nan. Wanda aka kwashe wa shanu bai sami mai bi masa hakki ba, shi ne sabon ɗan daji na gobe.

Na uku, an dogara ga 'yan sa-kai na ƙabilu, su kuwa ba su bambance mai laifi da danginsa. Ramuwa ta haifi ramuwa.

Na huɗu, jirgi yana ganin taro daga sama, amma ba ya sanin ko biki ne ko shirin yaƙi. Mai sanin wannan shi ne mutumin ƙasa, shi kuwa ba ya buɗe baki sai ya tabbata ba za a tona shi ba.

Na biyar, mayaƙa ba su san iyaka ba, soja kuwa tilas su tsaya inda ƙasarsu ta tsaya. Duk lokacin da gwamnatoci biyu suka sami saɓani, daji ke cin riba.

7. Yadda Al'amarin Ya Shafi Gobir

Gobir ƙasa ɗaya ce da iyaka ta raba. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga baya Ɗan Halima ya ware ya kafa Sabon Birni. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka, aka kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908, Tsibiri da Maraɗi suka faɗa wancan gefe, Sabon Birni da Isa suka faɗa wannan. Aure da kasuwa da kiwo ba su yanke ba. Hanyar da ke kawo gero da dabbobi ita ce kuma ke iya kawo bindiga.

Wajibi ne a rarrabe abu biyu. 'Yan bindigar da suka addabi gabashin Sakkwato, waɗanda sanannen cikinsu shi ne Bello Turji, asalinsu rikicin Zamfara ne na satar shanu da ramuwar gayya tsakaninsu da 'yan sa-kai, abin da suke nema kuwa kuɗin fansa ne da haraji. Lakurawa kuwa, da suka bayyana a Tangaza da Gudu wajen 2017 da 2018, daga ƙetaren iyaka suka shigo, suna da'awar addini. Masu bincike sun nuna da farko wasu mutanen yankin ne suka karɓe su domin su kare su daga ɓarayin shanu, daga baya suka zama su ne masu ƙwace da hukunci. Labarin Gao ke nan ya maimaita kansa. Ko da yake asali ya bambanta, kasuwar makamai ɗaya ce, dabarar babur da daji ita ma ɗaya ce.

Abin da ya auku a Gobir sananne ne ga masu karanta wannan takarda. Ran 27 ga Mayu 2020 aka kashe mutum fiye da 70 a Garki, Ɗan Aduwa, Kuzari, Katuma da Masawa. A wannan wata Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka tsere Nijar sun haura 60,000, galibinsu a jihar Maraɗi. A Satumba 2021 aka afka wa sansanin jami'an tsaro na Burkusuma, aka kashe da dama, kamar dai yadda aka yi a Inates. A wannan wata aka tsinke layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato domin a hana 'yan bindiga sadarwa, amma matakin ya hana talaka shi ma kiran agaji. Ran 17 ga Oktoba aka kashe mutum 43 a kasuwar Goronyo. A Disamba aka ƙone motar matafiya a Gidan Bawa, 'yan sanda suka ce mutum 23 suka rasu. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa a watan Agusta. Allah ya jiƙan su baki ɗaya.

Sojan Nijeriya sun yi aiki a yankin ƙarƙashin Hadarin Daji, daga 2024 kuma ƙarƙashin Fansan Yamma. A Satumba 2024 suka kashe Halilu Sububu a Zamfara. A Nuwamba na wannan shekara Hedkwatar Tsaro ta ce yankewar haɗin gwiwa da sojan Nijar bayan juyin mulkin 2023 ya buɗe wa Lakurawa ƙofa. Ran 25 ga Disamba 2024 kuma farar hula 10 suka mutu a Gidan Sama da Rumtuwa na Silame sa'ad da jirage suka kai wa Lakurawa hari. Duk dalilan nan biyar da aka lissafa a sama an ga alamarsu a ƙasar Sakkwato.

8. Abin da Ya Rataya a Wuyan Hakimai da Malamansu

Yaƙi aikin soja ne, amma sanin ƙasa da jama'arta na sarauta ne. Ga abubuwan da ake bukata:

(a) Littafin baƙi. Kowane dagaci da mai unguwa su san baƙon da ya sauka, da inda ya fito, da wanda ya sauke shi. Malamin hakimi ya riƙa tara wannan a littafi ɗaya. 'Yan gudun hijira su ma a rubuta su, domin a san yawansu in taimako ya zo, kada kuma a tsangwame su.

(b) Rahoto mai ma'ana. A faɗi rana da lokaci, da wuri, da yawan babura, da inda suka nufa. A bambance abin da aka gani da ido da abin da aka ji a kasuwa. Rahoton da ya makara kwana ɗaya ba ya ceton kowa.

(c) Rufin asiri. Kada a rubuta sunan mai kawo labari a takardar da za ta bi hannu da yawa, kada kuma a ambace shi a zaman fada. In an tona mutum ɗaya, gari duka zai yi shiru.

(d) Kada a gayyato baƙi masu makamai da sunan kariya, ko da sun zo da kyakkyawar magana da kyauta.

(e) 'Yan sa-kai. Kada hakimi ya yarda a kashe mutum a kasuwa ko a hanya saboda ƙabilarsa. Wanda ake tuhuma a miƙa shi ga hukuma da shaida.

(f) Manomi da makiyayi. A tsare burtali da mashaya, a sasanta ɓarnar gona tun tana ƙarama, a yi diyya daidai, kada a ci tara fiye da ƙima. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

(g) Taron jama'a. A sanar da shugaban sojan da ke kusa ranakun kasuwa da manyan bukukuwa da wuraren da makiyaya suka yi zango, domin kada abin da ya faru a Bunti ya faru a nan.

(h) Sulhu. Talakan da aka tilasta wa biyan haraji kafin ya shiga gonarsa abin tausayi ne, bai kamata a ɗauke shi mai laifi ba. Amma kada hakimi ya ɓoye wa Gwamnati irin wannan yarjejeniya, domin kuɗin da gari ɗaya ya biya da shi a kan sayi harsashin da za a harbi maƙwabcinsa.

(i) Zumunta da ƙetare. Sarakunan Tsibiri da Maraɗi da Gidan Rumji da Madarumfa 'yan'uwa ne. A riƙe gaisuwa da musayar labarin dabbobin sata ta hanyar da hukuma ta yarda, ko da manya suna da saɓani.

Faransa ta zo da jirage da dukiya, ta yi shekara goma sha ɗaya, ta koma gida. Hakimi da talakawansa ba su da wata ƙasa da za su koma. Saboda haka ana roƙon kowane hakimi ya sa a karanta wa dagatai da masu unguwanni wannan takarda a zaman majalisarsa, a bayyana wa wanda bai gane ba, malami kuma ya aje ta cikin takardun ofis. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya mai da waɗanda suka yi hijira gidajensu, amin.